Idan Kare Ya Haɗiye Maganin Mutane

A gidajen ma'aikata da yawa ana ajiye kare don gadi, kuma a irin gidajen ne akan bar ƙwayoyin magani a kan tebur ko cikin jakar hannu. Kare kuwa ba ya tambaya kafin ya ci. Yakan tauna kwalin duka ya haɗiye.

Ɗaya daga cikin magungunan da suke jawo wannan hatsari shi ne farasitamol, wanda jama'a suka fi sani da Panadol. Kowace ƙwaya ta manya tana da miligiram 500, kuma likitocin dabbobi sun nuna cewa kamar miligiram 100 ga kowane kilo na nauyin kare ya isa ya lalata masa hanta. Ke nan ƙwaya biyu kacal na iya kwantar da ƙaramin kare mai kilo 10. Ibuprofen shi ma yakan haddasa gyambon ciki, ya taɓa ƙoda. Kyanwa kuwa ƙwayar farasitamol ɗaya na iya kashe ta.

Abin da ya wajaba ga mai gida shi ne ya tattara ragowar ƙwayoyin da kwalinsu, ya ƙidaya nawa suka ɓata, ya lura da lokacin da abin ya faru, sa'an nan ya garzaya da karen asibitin dabbobi mafi kusa. Gaggawa tana da dalili: sai a cikin sa'o'i biyu na farko ne sa kare amai yake da amfani sosai, kafin maganin ya shiga jini. A can likita yakan ba shi wani gawayi na musamman mai kama dafi a hanji (ba irin na murhu ba), kuma farasitamol yana da makarinsa idan an zo da wuri.

Kuskuren da aka saba yi shi ne ɗura wa kare manja ko madara ko ruwan gishiri. Manja ba ya karya dafin, yana iya ma sarƙe karen ya shiga huhu. Gishiri kuma guba ne mai zaman kansa.

Kada a tsaya jiran alama. Kare yakan yi ta wasa kamar lafiya lau, sai daga baya amai da dalalar miyau su fara, dasashi ya yi duhu, fuska ta kumbura, idanu su yi rawaya, lokacin nan hanta ta riga ta taɓu.