Jini a Fitsari: Nasiha Game da Ciwon Dajin Mafitsara

Daga cikin cututtukan da mutanenmu suka fi yi wa sakaci, saboda kunyar ambaton wurin da suke kamawa da kuma sabo da alamarsu tun ƙuruciya, akwai ciwon dajin mafitsara. A kowace shekara ana samun mutum fiye da 500,000 da suka kamu da shi a duniya, kuma ya fi yawa ga maza, musamman waɗanda suka fara manyanta. Alamarsa ta farko, a mafi yawan lokuta, ita ce jini a cikin fitsari ba tare da wani zafi ba, ya zo kwana biyu ya ɗauke, har mai shi ya zaci Allah ya yaye masa, alhali kuwa tsiron yana nan yana girma.

Abin da ya sa wannan mas'ala ta shafe mu fiye da wasu al'ummu shi ne tsargiya. Duk wanda ya tashi kusa da kududdufi, ko madatsar ruwa irin ta Tiga da Bakolori, ko gonakin shinkafa na bakin kogin Kwara, ya san yaran da ke fitsarin jini, har a wasu garuruwan ana ɗaukar abin alamar balaga ce. Likita Bajamushe Theodor Bilharz shi ne ya gano tsutsar da ke haddasa ta a Alƙahira a shekarar 1851. Tana fitowa daga jikin dodon koɗi, ta huda fatar mai wanka ko mai su, ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwayaye, kuma idan aka shafe shekaru ba a sha magani ba, kumburin da ƙwayayen nan ke jawowa yakan rikiɗe ya zama daji. Mutanen Masar sun ga haka da idonsu, domin a da wannan ciwo shi ne kan gaba cikin dajin da ke kama mazansu, da suka dage wajen yaƙar tsargiya kuwa sai ya ja baya. Maganinta, praziquantel, ƙwaya ce mai araha. Sababi na biyu shi ne shan taba, wanda masana ke ɗora wa alhakin kusan rabin masu ciwon a ƙasashen Turawa, saboda dafinta yana bin jini, ƙoda ta tace shi, ya taru a mafitsara. Na uku kuma shi ne daɗewa ana aiki da sinadaran rini na zamani da fenti da roba.

Saboda haka, babban mutumin da ya ga jini a fitsarinsa, ko da sau ɗaya ne, bai kamata ya ce ciwon sanyi ne ya nufi kemis ba, haka nan mace kada ta jingina shi ga haila ba tare da bincike ba. Wajibinsa ya je asibiti a gwada fitsarin, a yi hoto, a kuma leƙa cikin mafitsarar da wani siririn bututu mai fitila. Idan tsiron bai wuce fatar cikin mafitsarar ba, ta wannan hanya ake kankare shi ba tare da an tsaga ciki ba. Daga nan akan zuba magani a mafitsarar, sau da yawa BCG, wato irin rigakafin tarin fukan da ake yi wa jarirai, sau ɗaya a mako har mako 6, majiyyaci ya riƙe shi kamar awa 2 kafin ya fitar. Zai ji zafin fitsari da kasala da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, amma zazzaɓi mai tsanani ko wanda ya zarce haka na bukatar likita nan take. Wannan ciwo kamar ciyawar gona yake, ana nome ta tana sake tohowa, don haka ake sa mutum ya riƙa komawa ana leƙawa, da fari duk wata 3, daga baya a tsawaita. Mafi yawan nadama tana samun waɗanda suka ji sauƙi suka yanke zuwa.

Idan kuwa dajin ya shiga naman mafitsarar, to, sai an haɗa da magani ta jijiya, ko gashi, ko a cire ta baki ɗaya, a yanki guntun hanji a yi wa fitsari hanya zuwa wata ƙofa a gefen ciki, inda ake manna jaka. A nan ne zukata kan karaya, har wani ya ce gara mutuwa da wannan tozarci, alhali akwai ɗimbin bayin Allah da ke noma da kasuwanci da tafiye-tafiye da jakar a ƙarƙashin riga ba wanda ya sani. Sharuɗɗan kula da jakar kaɗan ne: a juye ta kafin ta wuce rabi, a tsabtace fatar da ke kewaye a busar da ita, a yawaita shan ruwa, musamman lokacin bazara, kada kuma a firgita da ganin majina a fitsarin, domin ɗabi'ar hanji ce. Fitsari mai wari ƙwarai tare da zazzaɓi ko ciwon kwiɓi shi ne abin gaggawa. Aikin cire mafitsarar yana iya taɓa sha'anin auratayya, kuma ya fi dacewa miji da mata su tambayi likita tun kafin a yi shi, don kunya ba ta warware irin wannan matsala.

Abin da ya fi damun mumini shi ne tsarki da salla, kuma shari'a ba ta bar shi cikin ƙunci ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kan salisul-bauli, wato yoyon fitsarin da mutum ba ya iya riƙewa, kuma a mazhabar Malikiyya wanda abin ya lizimce shi mai uzuri ne, an so ya sabunta alwala ga kowace salla, sallarsa kuma ingantacciya ce. Haka azumi, mara lafiya yana da rangwamen ya sha ya rama. Ya kamata ya tambayi malami amintacce tare da likitansa, maimakon ya ƙaurace wa masallaci bisa zato.

Ragowar nauyin yana kan dangi da maƙwabta. Kuɗin magani da na jakunkuna da na mota zuwa asibitin koyarwa sun fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma sadakar da ta fi amfani ita ce wadda za ta hana shi fasa zuwa ganin likita. Ciwon ba ya yaɗuwa ta hanyar cin abinci tare ko zama kusa, don haka babu hujjar ware masa kwano. Kada a ruɗe shi da masu tallar maganin da ke warkar da kowace cuta, domin watannin da ake ɓatawa a wurinsu su ne waɗanda likita yake bukata. Tawakkali na gaskiya yana tafiya ne tare da riƙon sababi: a ba yara maganin tsargiya idan an zo rabawa a makaranta, mai shan taba ya daina, wanda ya ga jini kuma ya tafi asibiti a makon da ya gan shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa kaffara ce.