Takin da ke narkewa a hankali: shin zai amfani manoman rake a Matameye?

Ƙasar noma a Matameye da ke jihar Damagaram kashi biyu ce: jigawar gero da gyaɗa, da fadamun Korama inda ake noman rake da kayan lambu. Yashi ya yi yawa a yankin, kuma yashi ba ya riƙe taki. Manomi zai zuba takin zamani yau, gobe a tafka ruwa, wani kaso ya nutse inda saiwa ba ta kaiwa.

Don magance irin wannan asara ne kamfanoni ke lulluɓe kowace ƙwayar taki da siririn ɓawo na farar wuta ko roba. Danshi na ratsa ɓawon ya narkar da abin da ke ciki, sinadarin ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan tsawon watanni. A Amurka aka fara gwada dabarar kan takin yuriya a shekarun 1960, daga baya ta kai ga fotash, wato harafin K da ke jikin buhun NPK 15-15-15.

Rake na shan fotash sosai, kuma yana daɗewa a gona, don haka shi ne zai fi cin moriyar wannan taki. Gero kuwa labarinsa daban. Binciken cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ya nuna ƙarancin fosfat ne ya fi addabar jigawar Nijar, sannan ƙurar hunturu na sauke wa gonaki ɗan fotash kyauta kowace shekara. Sayen mai tsada domin gero ɓarnar kuɗi ce.

Tsadar ma ita ce babbar magana. Fotash daga waje yake zuwa, akasari Kanada, Rasha da Belarus, kuma farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren. Mai ɓawo ya fi na yau da kullum tsada. Ga shi zafin ƙasa na hanzarta fitar sinadarin, ta yadda watannin da aka rubuta a buhu kan ragu a zafin bazarar Damagaram.

Kafin farashin ya sauko, mai rake na iya raba takinsa ya zuba sau biyu ko uku maimakon lokaci guda. Mai gero kuma giram 6 na NPK a kowane rami lokacin shuka ake ba shi shawara, kimanin cikin murfin kwalbar lemo.