Katanga Tsakanin Coci da Gwamnati: Hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka Kan Addu'a a Makarantu

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin yadda Kotun Ƙolin Amurka ta tunkari tambaya guda, watau wane matsayi addu'a take da shi a makarantar gwamnati. Mun zaɓi makaranta domin a nan ne ikon hukuma yake haɗuwa da yaron da bai mallaki hankalin kansa ba.

Tushen Matsalar

Gyara na Farko da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1791 ya ƙunshi sharuɗɗa biyu dangane da addini. Na farko ya hana majalisa yin dokar da za ta kafa addini, na biyu kuma ya hana ta tauye wa mutum 'yancin yin ibadarsa. A 1802 Shugaba Tomas Jefasan ya kwatanta wannan da katanga tsakanin coci da gwamnati. Sai dai sharuɗɗan biyu sukan yi karo da juna. Idan malami ya yi addu'a a bakin aiki, shin hukuma ce take ibada da bakinsa, ko kuwa shi ne yake amfani da 'yancinsa?

Zamanin Gina Katanga

A shari'ar Everson ta 1947 Kotu ta tabbatar cewa haramcin kafa addini ya hau kan jihohi ma, ba gwamnatin tarayya kaɗai ba. A 1962, cikin shari'ar Engel, ta soke wata gajeriyar addu'a da hukumar ilmi ta Jihar Niyok ta tsara domin a riƙa karantawa kowace safiya, duk da cewa ba a tilasta wa kowane yaro ba. Hujjarta ita ce tsara addu'a ba aikin gwamnati ba ne. Shekara guda bayan haka, a shari'ar Schempp, ta haramta karatun Littafi Mai Tsarki a matsayin ibadar safe, amma ta bar ƙofar nazarin addini a matsayin darasi a buɗe.

A 1971 shari'ar Lemon ta kawo ma'auni mai rassa uku: dole manufar doka ta kasance ta duniya, kada babban tasirinta ya zama ɗaukaka addini ko danne shi, kada kuma ta cuɗanya gwamnati da addini fiye da kima.

Sauyin Alkibla

A watan Yuni na 2022 al'amarin ya juya. Wani mai horar da 'yan wasa a makarantar sakandare ta Bremerton, Jihar Washinton, ya saba durƙusawa a tsakiyar fili yana addu'a bayan an tashi wasa, sai hukumar makaranta ta dakatar da shi. Alƙalai 6 daga cikin 9 suka ce addu'ar tasa ce ta ƙashin kansa, kuma hana shi tauye haƙƙi ne. Suka ajiye ma'aunin Lemon, suka ce a riƙa duba tarihi da al'adar ƙasa. Sauran 3 suka nuna cewa yaron da yake neman a sa shi cikin wasa ba ya buƙatar umurni kafin ya bi maigidansa durƙusawa.

Kammalawa

Ashe ke nan kalmomin 1791 suna nan yadda suke, abin da ya sauya shi ne wanda Kotu ta fi jin tsoron a zalunta. A 1962 ɗalibi ta kare daga matsin hukuma, a 2022 kuwa malami ta kare. Hukuncin Engel bai faɗi ba, amma iyakarsa ta koma abin jayayya.

Mu ma muna da irin waɗannan tagwayen sharuɗɗa a tsarin mulkin Nijeriya na 1999: sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini. Saboda haka wajibi ne mu masu horar da malamai mu koya musu bambance ibadarsu da ikon da suke da shi a kan yara.