Me ya sa bindigar farauta ke shurin mai ita?

Da zarar an kammala girbi, ruwa kuma ya fara janyewa daga fadamun kogin Haɗejiya, maharba a Kafin Hausa da ƙauyukan da ke kewaye kan saɓi bindigoginsu su nufi daji, neman zabi da fakara da zomo da agwagin ruwa.

Sai dai da yawansu kan dawo gida da tsamin kafaɗa, wasu har da rauni a kunci. Dalili kuwa shi ne shurin da bindiga kan yi baya a daidai lokacin da ta tashi.

Daga ina shurin yake?

Tun a shekarar 1687 masanin kimiyyar nan na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana cewa duk abin da ya tura wani abu, shi ma za a tura shi baya da ƙarfi daidai da wanda ya yi turin.

Idan albarushi ya kama, iskar da ya haifar kan ingiza harsashi gaba, ta kuma ingiza bindigar baya, zuwa kafaɗar mai harbi.

Ga misali, harsashin bindiga mai baki biyu na ɗauke da dalma kamar giram 32, wadda ke fita da gudun kusan mita 400 a sakan guda. Idan nauyin bindigar kilo 3 ne da 'yan kai, za ta zaburo baya da gudun kimanin mita 4 a sakan, ban da abin da iskar albarushin za ta ƙara.

Wannan lissafi na nuna abubuwa biyu. Idan nauyin bindiga ya ninka, ƙarfin shurin zai ragu da rabi. Idan kuwa nauyin dalmar aka ninka, ta kuma fita da gudunta na da, to shurin zai ninka har sau huɗu.

Ke nan bindiga marar nauyi, wadda ke da daɗin ɗauka a doguwar tafiya, ita ce ta fi azabtar da kafaɗa.

Matsalar bindigar toka

Maharban karkara da dama na amfani ne da bindigar toka ƙirar maƙera, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. A nan ba kamfani ne ke auna abin da za a zuba ba, hannun maharbi ne.

Wanda ke son harbinsa ya yi nisa kan ƙara albarushi da dalma. Hakan na tsananta shurin, yana kuma iya fasa bututun bindigar, musamman idan da ƙarfen famfo aka ƙera shi. Haɗarin ya fi yawa idan aka farke harsashin zamani aka juye garinsa a ciki, domin ƙarfinsa ya wuce abin da irin wannan bututu zai jure.

Ɓarnar shuri ba a jiki kaɗai ta tsaya ba. Wanda bindiga ta saba dukansa kan fara runtse ido, ya fizgi kunama tun kafin ya daidaita saiti. Sakamakon haka shi ne kuskure, ko kuma a raunata dabba ta tsere ta mutu a ɓoye, ba tare da an kai ga yanka ta ba. A farautar taro kuwa, harbin da ya kauce na iya samun ɗan'uwa.

Yadda ake rage shi

Masu koyar da harbi na ba da shawarar a zaɓi bindiga daidai da tsawon hannun mutum, da harsashi daidai da abin da za a harba. Fakara ba ta bukatar ɗurin da za a yi wa gada.

Ana kafa gindin bindiga sosai a lungun kafaɗa, ba a kan ƙashi ko dantse ba, domin idan aka bar rata, bindigar za ta zaburo ta doki mutum maimakon ta tura shi. Kunci ya manne da katako, ƙafa ɗaya a gaba, jiki ya ɗan karkata gaba.

Roba mai taushi a gindin bindiga na sassauta dukan. Mai harbi daga cikin kwale-kwale kuma gara ya zauna, ya guji harbi ta gefe. Toshe kunne ma na da amfani, ganin cewa ƙarar bindiga na daga cikin abin da ke razana mai harbi, baya ga kashe ji.

Akwai kuma batun doka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta bai wa kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon hana mallakar ko da bindigar toka ce ba tare da lasisi ba. Haka nan dausayin Baturiya da ke masarautar Haɗejiya, inda tsuntsaye daga Turai ke sauka a lokacin hunturu, gandun daji ne da aka keɓe, wanda aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2008.