Ba kowace rawar inji ce laifin kafireta ba

Tsofaffin motoci masu kafireta ba su ƙare a hanyoyin Kankiya da Kusada ba. Har yau akwai Peugeot 504, wadda kamfanin PAN na Kaduna ya shafe shekaru yana harhaɗawa bayan buɗe shi a 1975, akwai J5, akwai Golf 2, suna jigilar mutane da hatsi zuwa Ingawa da Caranci da ƙauyukan da ke tsakani. Ciwon da ya fi damun masu su guda ne: mota ta ƙi zama a silo, inji na rawa, salansa na tari, sai direba ya riƙa danna totur don kada ta mutu a gaban fasinja. Maganganun da ake yi kan wannan ciwo a tasha da gareji suna da yawa. Wasu gaskiya ne, wasu kuwa suna cinye kuɗin talaka a banza.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce wai da mota ta fara mis, kafireta ce. Direba yakan shigo gareji da hukuncinsa a baki: "Maigida, a wanke mini kafireta." Sau da yawa ba ita ba ce, kuma hujjar ba ta da wuyar ganewa. A waɗannan motoci kafireta ɗaya ce ke ciyar da silinda huɗu. In ta lalace, dukansu za su ji a jikinsu. In kuwa silinda ɗaya ce ke fashin aiki, a nemi laifin a abin da ya keɓanta da ita: fulogi, wayar fulogi, hular dilko, ko bawul. Bakaniken da ya san aikinsa yakan bar injin a kunne ya zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba a hannu, don wutar kwayil tana fizga ba da wasa ba. Wayar da aka zare injin ya ƙara rawa, silindarta na aiki. Wadda aka zare bai ko san an yi ba, nan matsalar take.

Fulogin kansa yana ba da labari in an kwance shi. Bakinsa ya yi ruwan ƙasa, ƙonewa lafiya. Ya yi baƙi busasshe, mai ya yi yawa a haɗin. Ya jiƙe da baƙin mai, ringi ko robar bawul sun saki. Ya yi fari fat, injin na fama da ƙarancin mai ko zafi. A jera huɗun a duba: in duk launinsu ɗaya ne kuma marar kyau, sai a fara zargin kafireta. In guda ne ya fita daban, a ƙyale ta. Haka kwantak da ke cikin dilko, wanda a yawancin irin waɗannan injuna tazararsa ba ta wuce kusan milimita 0.4 ba, in ya cinye ko ya rufe, taimin ya goce, mota za ta yi duk abin da ake ɗora wa kafireta.

Sai maganar mai. Masu cewa gurɓataccen fetur na sa mis sun yi gaskiya. A watan Fabrairun 2022 kamfanin NNPC da kansa ya amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam. A karkara kuwa abin da ya fi yawa shi ne ruwa da ƙasa, musamman a man jarka lokacin damina. Ruwa ya fi fetur nauyi, yakan kwanta a gindin tanki da cikin kwanon kafireta. A zuba man a farar kwalba a bar shi ya natsa, in akwai ruwa za a gan shi a ƙasa. Amma zargin da ake yi wa 'yan bumburutu na haɗawa da kananzir ya yi rauni yanzu, domin kananzir ya fi fetur tsada; mai neman riba ba zai yi haka ba.

Akwai wata dabara da ta ƙaru tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuma ita ce ta fi ba ni takaici. Ana ce wa direba in an matse sukurun silo, ko an sa ƙaramin jet, mota za ta rage sha. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska kan kashi ɗaya na mai, a nauyi. In an rage man fiye da kima, wani bugun ba ya kama wuta, man da ya shiga ya fita ta salansa bai ƙone ba, direba kuma ya ƙara taka totur don ta ja. Abin da aka yi tattali ya tafi, ga zafi na cin bawul a hankali. Sukurun silo ma aikinsa a silo ne. Ba shi ke iko da abin da mota ke sha tana gudu a kan titin Kano zuwa Katsina ba. Jefa kafur a tanki shi ma ba ya ƙara wa mota ƙarfin da za a gani, kuma abin da bai narke ba yana iya toshe matatar mai da jet.

Abin da ba a cika ambata ba, alhali yana cikin manyan dalilai, shi ne satar iska. Zafin rana na busar da roba. Tiyon da ke zuwa na'urar ƙara ƙarfin birki ya tsage, ko gasket ɗin gindin kafireta ya saki, sai iska ta shiga ta bayan fage, haɗin ya tsinke. Alamarsa: mota na rawa a silo amma tana daidaita in an ba ta wuta, wani lokaci har da ƙarar shiii. A matse tiyon da ake zargi. In silo ya gyaru, an kama ɓarawon. Wanke kafireta sau goma ba zai toshe wannan ɓaraka ba.

Ƙura kuwa laifinta tabbatacce ne. Motar da ke bin hanyoyin burji na ƙauyuka a lokacin hunturu tana toshe iyakilina da wuri, sai ta fara baƙin hayaƙi da shan mai. Maganin shi ne a kakkaɓe ko a sauya. Masu cirewa gaba ɗaya wai don inji ya sha iska, yashi suke ɗura wa ringi da fistin. Rawar sanyin safiya da ke wucewa in inji ya ɗumama yawanci aikin cok ne, ko laima a cikin hular dilko bayan ruwan dare, kuma cire tamostat da aka saba yi yana ƙara tsawaita ta.

Ta ɗaya gefen akwai masu tsorata mai mota, da an ji mis su ce inji ya tashi aiki, sai an sauke. Kada a yarda kafin a auna kwamfireshan na kowace silinda. In huɗun sun yi kusa da juna kuma ba su yi ƙasa ba, cikin injin lafiya yake. In guda ta faɗi, sai a duba ko gyaran tazarar bawul ya isa. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa tare da raguwar ruwan lagireto, wannan kam gasket ɗin tof ne, bai kamata a ci gaba da lodi da motar ba.

Kafireta na lalacewa, ba a musu: jet na toshewa, fulot na hujewa ta riƙa ambaliya. Sai dai ita ya kamata a taɓa a ƙarshe, domin da zarar an juya sukuranta don rufe wani ciwo daban, an haɗa matsala biyu wuri guda. Direbobinmu da masu motoci, in kun je gareji ku faɗi abin da motar ke yi da lokacin da take yinsa, ku nemi a fara da wuta, a bi da iska, a auna kwamfireshan, sannan a buɗe kafireta.