Kunama Biyu, Ta Ƙarƙashin Dutse da Ta Sararin Sama

Cikin burujai goma sha biyu da rana ke ratsawa a shekara, yawancinsu sai an yi wa mutum rantsuwa kafin ya yarda sun yi kama da sunayensu. Hamalu, da aka ce rago ne, taurari uku ne a karkace, ba ƙaho ba ƙafa. Saraɗanu, kaguwa, dusu-dusu take, da ƙyar ido ke tsinto ta. Akrabu kuwa ba ta buƙatar mai gabatarwa. Duk wanda ya taɓa ɗaga dutse ko tulu ya ga kunama ta ɗaga ƙarinta, in ya dubi kudu a daren damina bayan an ɗauke ruwa zai gane ta nan take: ga goshi, ga jan tauraro a ƙirji, ga doguwar wutsiya ta gangara ta lanƙwasa sama. Abin da nake son kafawa shi ne, wannan suna da labaran da aka rataya masa ba shaci-faɗi ba ne. Ajiya ce ta mutanen da suka ƙura wa wannan halitta ido a ƙasa, suka ƙura wa taurari ido a sama, suka ɗaure sanin biyu wuri guda don kada ya ɓace. Wanda ya gaji labarin ya bar kallon, ya ɗauki kube ne ya bar wuƙar.

A fara da ta ƙasa. Kunama ba ƙwaro ba ce irin fara ko tururuwa masu ƙafa shida, dangin gizo-gizo ce, ƙafafunta takwas. Gabanta hannuwa biyu ne masu bakin awartaki, bayanta wutsiya mai gaɓa biyar, sannan ƙullutun dafi da ƙari a ƙarshe. Masana sun ƙidaya ire-irenta fiye da 2,500, kuma an tono burbushinta a duwatsun da suka haura shekara miliyan 430, siffarta ba ta sauya sosai ba tun daga lokacin. Idanunta suna da yawa, biyu a tsakiyar ka da wasu ƙanana a gefe, amma ba da su take farauta ba. A ƙafafunta akwai wasu 'yan tsagogi da gashi masu jin motsin ƙasa, har takun kyankyaso a kan yashi tana ji, ta san ta inda ya fito. Tana iya yin watanni, wani lokaci har shekara, ba ta ci komai ba, tana kwance a tsagar bango ko ƙarƙashin itace tana jira. Ba ƙwai take sakawa ba, haihuwa take yi. 'Ya'yan suna fitowa farare fat, masu taushi, su hau bayan uwar su yi cincirindo har ba a ganin gadon bayanta, tana yawo da su sai sun yi saɓar farko. Daga nan ne aka samo zancen da ake yi cewa 'ya'yan kunama cinye uwarsu suke yi. Wanda ya fara faɗin haka ya ga abu da idonsa, fassarar ce ta kuɓuce masa: goyo ya gani ya ɗauka ci ne. Haka ma batun cewa in aka kewaye ta da wuta sai ta harbi kanta ta mutu. Zafi ne ke sa jikinta fizge-fizge har wutsiyar ta riƙa dukan baya, dafinta kuwa ba ya kama ta.

Mai lura ya san ba kowace kunama ce abin gudu ba. Duwu, babbar baƙar nan ta dazuzzukan Afirka ta Yamma, tana kai santimita 20, hannuwanta manya masu ƙarfi, amma harbinta bai cika wuce na zuma ba, domin da hannu take murƙushe abincinta. Wadda ake tsoro ita ce siririya mai ruwan ƙasa ko rawaya ta Sahara da bakinta, irin ta yankin Agadas, mai siraran hannuwa da kaurin wutsiya. Ita ba ta da ƙarfin kokawa, don haka duk jarinta yana cikin dafi. Cikin dubban ire-iren nan, waɗanda dafinsu ke iya kashe mutum ba su wuce talatin ba, kuma yara ƙanana ne suka fi shiga haɗari, shi ya sa yaron da irin wannan ta harba asibiti ya kamata a nufa da shi, ba tsaga wurin ba. Zafi da ruwan farko su ke fito da ita. A watan Nuwamba na 2021, ruwan sama mai ƙarfi ya kori kunamu daga ramukansu a Aswan ta Masar, suka harbi mutum fiye da 500. Hausawa sun ce raina kama ka ga gayya, kuma da wuya a sami halittar da karin maganar ya zauna mata daram kamar wannan.

Da wannan siffa a zuciya sai a ɗaga kai. Taurari uku a jere su ne goshi, Larabawa suka kira su Ikliil. Ƙasa da su ga jan tauraron da suka kira Ƙalbul Akrabi, zuciyar kunama, wanda Girkawa suka sa wa Antares, wato kishiyar duniyar Mars, don jansa na sa a rikita su. Daga nan wutsiya ta gangara kudu ta juyo, ta ƙare da taurari biyu maƙwabta, babban shi ne Shaula, ƙarin da aka ɗaga. Hannuwan kuwa Rumawa ne suka yanke su suka mai da su burjin Mizani, amma manyan taurari biyu na Mizanin har gobe sunansu Zubana ta kudu da Zubana ta arewa, hannuwan kunama ke nan. Waɗannan sunaye ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Suna cikin taurari 28 da malamai ke lissafin shekarar noma da su, kowane da kwana 13 in ban da Jabha mai 14. Zubana da Ikliil da Ƙalbu su ke rufe kaka, Shaula ta buɗe ɗari. Manomin da ya ji an ce Shaula ta shiga ya fara neman bargo, da wutsiyar kunamar sama yake lissafi ko bai taɓa ganin ta ba. A daidai wannan lokaci rana tana wannan yanki na sama, haskenta ya rufe Kunamar, sai a watan Janairu take sake ɓullowa ta gabas kafin asuba.

Tatsuniyar Girkawa ma lissafin lokaci ce aka sa mata riga. Sun ce Oriyon maharbi ne ƙato, ya yi alfaharin zai ƙarar da duk dabbar da ke doron ƙasa. Sai Gaya, wadda suke ɗauka uwar ƙasa, ta aiko masa da kunama, ta harbe shi ya mutu. Aka ɗora su biyun a sama, aka raba su gabas da yamma. Duk wanda ya zauna a waje da dare a ƙarshen Afrilu zai ga gaskiyar da ke ciki: taurarin Oriyon, masu ukun nan a jere a ƙugunsa, suna faɗawa yamma daidai lokacin da jar zuciyar Kunama ke leƙowa daga kudu maso gabas. Ba a sarki biyu a zamani ɗaya. Oriyon na ɗari ne, Kunama ta zafi da damina ce, kuma fitowarta a sama da dare ta zo daidai da fitowar 'yar'uwarta daga rami. Tun kafin Girkawa, mutanen Babila sun kira waɗannan taurari kunama, kuma a labarin Gilgamesh mutane masu jikin kunama ne ke gadin ƙofar dutsen da rana ke shiga da fita. A Masar ta dā kuwa, Serket mai kunama a ka ita ake roƙo a kan harbi. Ruwa ba ya tsami banza: a wurare da dama da kunama ke zaune da mutane, sun gan ta a sama.

Mai musu zai ce wannan duk aikin ido ne, taurarin ba su san juna ba, mu ne muka ja layi tsakaninsu. Yana da hujja. Wani tauraro a tushen wutsiyar haskensa shekara 64 kacal yake yi kafin ya iso mu, na Antares kuwa kusan shekara 550. Mutanen tsibiran Tekun Fasifik, masunta, ƙugiyar kamun kifi ta gwarzonsu Mawi suka gani a wannan wutsiya, Sinawa kuma suka ɗauki Antares zuciyar wani dodo. Amma wannan ƙarfafa maganata yake yi, domin kowace al'umma abin da ta sani sosai shi ta rataya a wurin don ta tuna lokacinsa. Sannan ba dukan taurarin ne baƙin juna ba. Binciken zamani ya nuna Antares da taurarin goshi da yawa daga cikin maƙwabtansu gida ɗaya suka fito, daga gajimaren iska da ƙura guda, shekara miliyan goma da 'yan kai da suka wuce. A ma'aunin taurari wannan jarirantaka ce, kunamar ƙasa ta girme su nesa ba kusa ba. Duk da haka Antares ya riga ya tsufa, domin nauyinsa ya ninka na rana sau goma sha biyu ko fiye, kuma tauraro mai nauyi da sauri yake cinye makamashinsa. Ya kumbura har faɗinsa ya ninka na rana kusan sau 700. Da za a ajiye shi inda rana take, da ya haɗiye duniyarmu har da Mars. Fatarsa ta huce zuwa wajen digiri 3,500, shi ya sa yake ja, kuma ƙarshensa fashewa ce.

Musu na biyu ya fi nauyi a wurinmu: ai maganar burji duba ce, duba kuwa haramun ce. A nan sai a raba tsaki da tsakuwa. Mai duba cewa yake wanda aka haifa tsakanin 23 ga Oktoba da 21 ga Nuwamba ɗan Kunama ne, mai riƙo da ramuwa. Sama da kanta ta ƙaryata shi. Saboda layin da ƙasa ke juyawa a kansa yana lilo a hankali, zagaye ɗaya cikin kusan shekara 26,000, ranakun sun goce daga inda suke a zamanin Babila. A yau rana tana cikin iyakar Akrabu ne daga wajen 23 zuwa 29 ga Nuwamba kawai, mako guda, sannan ta shiga wani rukunin da ba ya ma cikin sha biyun masu duba. Wanda ya san taurari da gaske shi ne mafi wuyar yaudara da su, ƙaramin sani ne ƙuƙumi. Alƙur'ani yana da sura mai sunan Buruj, ya kuma ambaci taurari a matsayin alamun gane hanya a tudu da teku. Malamin falaki Abdurrahman as-Sufi ya zana Akrabu tauraro bayan tauraro a littafinsa na shekarar 964, ya gyara hasken da Batlamus, masanin falaki na zamanin dā, ya ƙiyasta musu. Wannan gadon Musulmi ne, ba a ce da as-Sufi boka ba.

Saura mai cewa kallon taurari sai mai na'ura. Kunama ta fi kowane burji rushe wannan zance, kuma mu muna cikin masu riba. Daga Kano, Antares yana hawa har digiri 52 sama da gefen ƙasa, wutsiyar duka tana tsaye sarai. Daga Landan bai wuce digiri 12 ba, gindin wutsiyar kuwa ba ya fitowa sam. A watan Yuli wajen ƙarfe tara na dare tana tsakiyar kudu, kuma daren da ruwa ya wanke ƙura ya fi kowane dare kyau. Kusa da ƙarin, ido tsirara zai ga wani farin tabo, shi ne M7, tarin taurari kusan 80 da Batlamus ya rubuta tun wajen shekara ta 130. Da madubin hangen nesa na hannu, irin mai ido biyu, tabon zai tarwatse ya zama taurari ɗai-ɗai, sama da shi kaɗan kuma ga M6 mai siffar malam-buɗe-littafi. Dab da Antares ta yamma akwai M4, curin dubban taurari masu shekara wajen biliyan 12, tsofaffi a gefen jariri. Mai neman galaksi, wato manyan garuruwan taurari na nesa, ba nan zai nema ba, sai ya koma Sumbula ko Asadu. Dalilin kuwa shi ne abin da ya fi ban sha'awa: wutsiyar Kunama tana tsome cikin farar hanyar nan da Larabawa ke kira Majarra, galaksinmu ke nan muna kallonsa daga ciki, kuma ƙurarsa ta tare duk abin da ke bayansa. Cibiyarsa tana gaba da ƙarin kaɗan, cikin burjin Ƙausu, tafiyar haske ta shekara 26,000. A cikin Kunamar ne kuma aka fara gano hasken eksire daga wajen iyalin rana, a 1962.

Abin da ke barazana ga wannan sani ba malamin da ya hana duba ba ne, ba kuma tsadar na'ura ba. Rashin kallo ne. Fitilun gari suna dusashe wutsiyar, yara suna tashi sun san sunan burjinsu daga waya amma ba su iya nuna shi a sama, sunayen Ƙalbu da Shaula kuma suna komawa kalanda kawai. Gyaran ba ya cin ko sisi. Malamin makaranta ko uba da ya fita da yara bayan gari a daren Yuli, da takalmi a ƙafa da tocila a hannu saboda ta ƙasa, ya nuna musu goshi da zuciya da ƙari, ya koyar da ilimin halitta da falaki da tarihi a zama ɗaya. Gani ya kori ji, kuma yaron da ya gano Kunama da idonsa sau ɗaya zai riƙa sanin watan da yake ciki duk lokacin da ya ɗaga kai.