Ƙarfin “chi” a wasannin kare kai: me kimiyya ta gano a kansa?

Duk wanda ya tashi a Badarawa, ko Unguwar Dosa, ko Malali a zamanin gidajen kallon bidiyo ya san finafinan Bruce Lee da Jackie Chan da Jet Li. A cikinsu akan ga dattijon malamin kunfu ya ja numfashi, ya tattara wani ɓoyayyen ƙarfi a tafin hannunsa, ya watsar da ƙarti goma. Sinawa na kiran wannan ƙarfi “chi”. Yau bidiyoyi irin waɗannan sun koma wayoyin hannu, iyaye kuma na biyan kuɗi don 'ya'yansu su koyi kareti ko takwando. Saboda haka yana da kyau a san abin da ke gaskiya a cikin zancen, da abin da yake shaci-faɗi.

Asalin ma'anar kalmar a Sinanci ita ce iska, ko tururi, ko numfashi. Tsofaffin littattafan likitancin Sin, irin su Huangdi Neijing wanda ya kai kimanin shekara 2,000, sun bayyana chi a matsayin ƙarfin rai da ke gudana cikin wasu manyan hanyoyi 12 na jiki. Japanawa na ce masa “ki”, kuma shi ne a cikin sunan wasan aikido. Sai dai masana ilimin sassan jiki sun bi jijiyoyin jini da na saƙo ɗaya bayan ɗaya, ba su ga waɗannan hanyoyi ba, kuma babu na'urar da ta auna chi kamar yadda ake auna wutar lantarki ko zafin jiki.

Amma abubuwan da gwanayen wasan ke yi da hannuwansu an auna su. A 1979 mujallar Scientific American ta buga binciken Michael Feld da Ronald McNair da Stephen Wilk kan yadda ɗan kareti ke fasa katako da bulo. McNair gwanin kareti ne, kuma shi ne ɗan sama-jannatin da ya rasu a haɗarin kumbon Challenger a 1986. Sun gano cewa hannun gwani yakan kai gudun mita 10 zuwa 14 a sakan ɗaya, ya sauka da ƙarfin da ya haura Newton 3,000, wato kwatankwacin nauyin buhun siminti shida. Wannan ƙarfi yana taruwa ne a ɗan ƙaramin wuri a gefen hannu. Bulon da aka ɗora kan duwatsu biyu kuwa ba ya jure lanƙwasa, sai ya tsage daga ƙasa. Ƙashin mutum ya fi kankare jure irin wannan bugu. Ƙari a kan haka, tun 1892 likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana ƙara ƙwari a inda ake yawan ɗora masa nauyi.

Haka ma naushin nan na tazarar inci ɗaya da Bruce Lee ya nuna a Long Beach ta Amurka a 1964. A 2012 masu bincike a Imperial College da ke Landan sun gwada gwanayen kareti 12 da wasu mutum 12 masu motsa jiki amma ba su koyi wasan ba, aka sa su yin naushi daga tazarar santimita biyar. Gwanayen sun fi ƙarfin bugu, kuma abin da ya bambanta su shi ne yadda motsin kafaɗa da na wuyan hannu ke haɗuwa a lokaci guda. Hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna bambanci a sashen da ke tsara motsi. Lokacin da malami ya ce wa ɗalibi ya tura chi daga diddige zuwa dunƙulen hannu, abin da yake koya masa ke nan: ƙafa ta tokari ƙasa, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, kowanne a kan lokacinsa.

Numfashi ma yana da bayani. Ihun da ɗan kareti ke yi yayin bugu yana ɗaure naman ciki, ya sa gangar jiki ta tsaya ƙyam, ta kuma fi jure duka. Jan numfashi a hankali kuwa yana rage bugun zuciya, ya kwantar da fargaba.

Bahaushe bai baƙunci wannan ba. A fagen dambe, idan makaɗi ya ɗauki taken ɗan wasa a kalangu, sai a ga ya fara tsuma, ya yi tuma, ya fita yana kirari. A wannan hali jiki yana sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara sauri, jin zafi ya ragu na ɗan lokaci. Waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa Shago irin wannan aiki suka yi a fage. 'Yan dambe na ɗaura laya da kambu, wasu a yi musu tsaga a hannu a shafa magani, kuma yarda da su tana ƙara wa mutum ƙarfin zuciya. Duk da haka babu ɗan damben da ke barin atisaye saboda ya ɗaura laya, kuma masu layu da yawa sun sha ƙasa a hannun wanda ya fi su iya kai bugu.

Inda zancen chi ya faɗi warwas shi ne iƙirarin kayar da mutum ba tare da an taɓa shi ba, ko gane ƙarfin jikin wani daga nesa. A 1998 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, JAMA, ta buga gwajin wata yarinya mai suna Emily Rosa, wadda ta fara shi tana da shekara tara. Ta gayyaci mutum 21 masu cewa suna jin ƙarfin da ke kewaye da jikin ɗan Adam, ta sa shamaki tsakaninta da su, ta riƙa ɗaga hannunta a saman ɗaya daga cikin hannuwansu. A gwaji 280 sun dace da kashi 44 cikin ɗari, alhali mai cinke kawai zai samu kusan rabi. A watan Afrilun 2017 kuma, a birnin Chengdu, wani ɗan damben zamani mai suna Xu Xiaodong ya kara da Wei Lei, malamin tai chi da ke tutiya da ƙarfi na musamman, ya kai shi ƙasa cikin ƙasa da rabin minti. A bidiyoyin da ake ganin mutane na zubewa daga nesa, kusan kullum ɗaliban malamin ne, waɗanda suka riga suka yarda za su faɗi.

Tarihin Sin ya nuna tsadar wannan ruɗi. A boren 1900, dubban matasa masu atisayen kunfu sun tunkari sojojin ƙasashen waje da imanin cewa harsashi ba zai huda su ba, aka kashe su da yawa. A nan gida ma jaridu sun sha ɗauko labarin waɗanda suka rasa rayukansu wurin gwajin maganin bindiga.

Amfanin waɗannan wasanni ga lafiya kuwa tabbatacce ne. Tai chi, wanda “chi” ɗin da ke sunansa wata kalma ce daban a Sinanci, motsa jiki ne a hankali da ya dace da dattawa. Wani bincike da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 2012 kan masu cutar karkarwa ta Parkinson su 195 ya nuna cewa waɗanda suka yi shi sun fi iya tsayuwa daram, kuma faɗuwarsu ta ragu idan aka kwatanta da masu miƙe gaɓoɓi kawai. A Disambar 2020 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Ma'aikacin da ke wuni a kujera, ko ɗan kasuwar da ke fama da hawan jini, zai amfana da irin wannan atisaye, matuƙar bai ajiye maganin da likita ya rubuta masa ba.

Ga uban da zai kai ɗansa wurin koyon wasa a Badarawa, abin dubawa a fili yake. Malamin kirki yana koyar da tsayuwa da numfashi da ladabi, yana sa wa yara kayan kare kai da haƙora, kuma ɗalibansa na fita gasa da baƙin da ba su san su ba. Idan ya yi amfani da kalmar chi don bayyana motsi, babu laifi. Wanda ya nemi ƙarin kuɗi don buɗe wa yaro wani ɓoyayyen ƙarfi, ko ya ce zai sa wuƙa ta daina kama shi, sai a janye yaron daga hannunsa.